Gwiwata ta yi ritaya, ni ban yi ba

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan labarin, amma kullum sai in ce wa zai ɓata datansa yana karanta labarin gwiwar wani tela. Abin da ya zaunar da ni yau, shekaranjiya wani yaro ya zo shagona karɓan ɗinki yana ɗingishi, na ce kai lafiya? Ya ce ai a fili ne Baba, na ji ƙas a gwiwa, amma ba komai an ja min. Wallahi sai da na ajiye almakashi. Wannan "an ja min" ɗin na san ta farin sani, ita ta kai ni inda nake yau.

Ni ɗan cikin garin Bauchi ne, shekarata 47, sana'ata ɗinki, shagona yana wajen Wunti. Tamaula kam tun muna ɗaure tsumma cikin leda muke buga ta, ba takalmi, raga kuma duwatsu biyu ne, in ƙwallo ta bi ta sama a yi ta musu har a kira magariba. A 1994 ina da shekara 16, cikin dare muka cika tsakar gidan wani maƙwabcinmu mai talabijin muka ga Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka, daga ranar na yanke wa kaina cewa ni ma ƙwallo ce abincina. Baya nake tsarewa, ga ni da tsawo ga baki, kowa sai na gaya masa inda zai tsaya, shi ya sa aka laƙaba min Keshi, sunan kyaftin ɗin Najeriya mai tsaron baya. Har yau akwai mutane a garin nan da ba su san sunana na yanka ba.

Lokacin kuma garin ne gaba ɗaya ya kamu. Wikki, ƙungiyar ƙwallon garinmu, ta ɗauko kofin ƙalubale a 1998 bayan ta doke Plateau United da fenariti a wasan ƙarshe, shekara ta zagayo 1999 aka kawo gasar matasa ta duniya Najeriya, Bauchi na cikin garuruwan da aka buga, muka shiga filin Abubakar Tafawa Ɓalewa muka ga Turawa da idonmu a kan ciyawa. Wane yaro ne zai ga wannan ya koma ya zauna gaban keke? Na je gwaji sau biyu ba a ɗauke ni ba, kuma maganar gaskiya waɗanda aka ɗauka sun fi ni, ba wani son kai da aka yi min, duk da na shekara goma ina faɗa wa mutane an yi. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ya kama hannuna ya kai ni wajen wani abokinsa tela. To shikenan, da rana keke, bayan la'asar fili, Lahadi da safe wasa. Haka na yi ta yi har na yi aure, har na aurar da ƙannena, har furfura ta fara leƙowa.

Raunuka kuwa ba a magana. Targaɗe a idon sawu ban san iyakarsa ba, farcen babban yatsa ya cire ya fi sau biyar, haƙorina na gaba ɗaya na roba ne, wani ɗan Azare ya sa min gwiwar hannu muna tsalle. Amma kana ɗan ashirin da wani abu jiki ba ya riƙe ka da laifi, ka gurɗe yau, a shafa man zafi a gasa da ruwan ɗumi, jibi kana fili. Da na haura 35 sai lissafi ya canza ban lura ba. Abin da ke warkewa a kwana uku ya koma sati uku. Naman bayan cinya ya fara kama ni in na tashi gudu ba shiri. Sai na koyi wata muguwar ɗabi'a da yawancinmu muke yi ba ma faɗa, kafin wasa in tsaya kemis in sayi diclofenac in kora da fiya wata, sau da yawa ko karyawa ban yi ba. Ciwon yana nan inda yake, kai ne dai ba ka jinsa, sai ka je ka ƙara ɓarna a kan ɓarna kana murna wai yau jikinka ya saki.

Babban raunin ya same ni ina 39, saura kamar sati ɗaya a kama azumi. Mutanen Gombe ne suka zo mana wasan sada zumunci, don muna yi da su, su zo mu je. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne ba wanda ya taɓa ni. Da keta aka yi min da na samu wanda zan riƙa zagi. Wani yaro ne ɗan lamba bakwai, ban jin ya kai ashirin, ya nuna zai bi dama ya koma hagu, na juya in bi shi, but ɗina ya kafe a ƙasa, jikina ya juya ƙafa ba ta juya ba. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an karya ɗanyen kara. Golanmu ya ce shi ma daga raga ya ji. Kafin isha gwiwar dama ta zama kamar ƙwarya.

Aka ɗauke ni a keke napep sai gidan mai ɗori. Bari in yi adalci a nan, don ba na son a ce na zagi masu ɗori, mutumin nan shi ya ɗora min hannu ina yaro na faɗo daga mangwaro kuma hannun ga shi da shi nake yanka shadda. Karaya aikinsu ne, sun gada. Amma abin da ya same ni ba ƙashi ba ne, shi bai sani ba ni ma ban sani ba. Ya ce gocewa ce, ƙarti biyu suka danne ni, ya ja, na yi ihun da har yau in na bi ta layin yara suna nuna ni, ya yi 'yar tsaga ya shafa magani ya ɗaure.

Ku tuna fa ni tela ne, kuma azumi ya kama. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san wata ɗayan nan shi ne shekararmu. Kaya sun cika shago har rufi, wuta ba ta tsayawa, mai na janareta ba kullum ba, dole keken ƙafa, ƙafar kuma ita ce ta dama. Na gwada takawa da hagu ɗinki ya riƙa tafiya kamar hanyar maciji. Yaran shago biyu suka yi iya yinsu, amma akwai aikin da sai hannun maigida. Shekarar nan akwai gidan da yara biyar suka yi Sallah da tsofaffin kaya saboda ni, uban ya zo daren Sallah ya kwashe yadinsa ko ɗinkawa ba a yi ba, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi Allah ya ba da lafiya. Shekara takwas ke nan bai sake kawo min ko facin aljihu ba. Maiɗakina ta jure duk wannan ba ta ce uffan ba sai ranar da na ce mata a rage cefane. Ta ce, Maigida, su waɗanda muke gani a talabijin in sun karye biyansu ake yi, kai wa zai biya ka? Ban da amsa. Har yanzu ma ban da ita.

Kuma duk da haka bayan wata uku na koma fili. Kumburi ya saɓe, ina tafiya daidai, na sayi bandeji mai roba na ɗaure. In gudu ne miƙe ba matsala, amma da na zo juyawa sai gwiwar ta zame kamar an janye min tabarma, in faɗi, ta kumbura kwana huɗu, ta saɓe, in koma. Na yi kusan shekara biyu a haka, ina ce wa mutane sanyi ne. Tana yi min a matakala, tana yi min in zan sauko daga babur. Ranar da na san wasa ya ƙare ba a fili ba ne, na ɗauko 'yar autata ne lokacin tana shekara biyu, zan tsallaka kwalbati a ƙofar gida, ƙafa ta tafi. Allah ya taimake ni na juya na faɗi ta baya, yarinyar ta sauka a ƙirjina tana dariya ta ɗauka wasa ne. Uwarta tana tsaye a zaure tana kallo. Washegari da kaina na tafi asibiti.

Aka yi hoton ƙashi ya fito tas, har na fara murna. Likitan ƙashin ya kwantar da ni, ya riƙe cinya da hannu ɗaya ya jawo ƙwauri da ɗayan, na ga ƙafata ta taho gaba kamar durowar tebur. Ya ce Malam wannan hoton ƙashi kawai yake nunawa, sai ka yi MRI, hoton da ke nuna har jijiyoyi. Na sayar da keke ɗaya na yi. Da sakamako ya fito ya zana min a takarda, kuma na so a ce wani ya yi min wannan zanen tun ina ɗan ashirin. Ya ce cikin gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, ta gaban ita ke hana ƙwauri zamewa in mutum ya juya, ita suke kira ACL, tawa ta tsinke gaba ɗaya tun ranar farko, kuma in ta tsinke haka yawanci ba ta haɗewa da kanta, ja ko gashi da ruwan zafi ba sa mayar da ita. Sannan akwai wani guringuntsi kamar matashi tsakanin ƙasusuwan biyu, duk zamewar da gwiwar ta riƙa yi min shekara biyu shi take yaga, yanzu ya yage, ƙashi ya fara gogar ƙashi. Wato na farkon ƙaddara ce, na biyun kuma ni na yi da ƙafata. Ya ce ana aiki, a ciro jijiya daga wani wuri a ƙafar a dasa, amma kafin a koma ƙwallo sai an yi wata tara zuwa shekara ana gashi da motsa jiki. Kuɗin da ya ambata ko na haɗa kekunan shagona duka da janareta ba su kai ba, balle zaman watanni. Da na ba shi labarin diclofenac ya cire tabarau ya dube ni, ya ce ka gode Allah da gwiwa ka zo ba da ƙoda ko olsa ba. Ya ɗora ni a sikeli, kilo 94, ya ce duk kilo ɗaya na tumbin nan in kana tafiya gwiwa tana jinsa kamar huɗu.

Amma ba maganar likita ce ta karya min zuciya ba. Sallah ce. Gwiwar ta kai ba ta lanƙwashewa, sujada sai da dabara, zaman tahiya kuwa ba hali, in na sauka sai an miƙo min hannu. Na je wajen limaminmu ina kame-kame, ya ce ai addini ya sauƙaƙa, ya kawo min hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, ka yi sallah a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kishingiɗe. Na san hadisin, ba shi ne matsalata ba. Matsalata ranar da na ɗauki farar kujerar roba na shiga da ita masallaci na ajiye a ƙarshen sahu, gefen dattawa biyu da kowannensu ya haifi babana, ni ina 41. Bayan an sallame ɗayan ya juyo ya ce, yaro hatsari ka yi? Na ce a'a Baba, ƙwallo ce. Bai ce komai ba, ya ci gaba da jan carbinsa. Da ma zagina ya yi. Innarmu kuwa, da yake ni ɗan fari ne ba ta kama sunana, cewa ta yi, kai wannan, goshin da ka hana taɓa ƙasa saboda tamaula, ka tanadi abin da za ka faɗa.

Na daina. Na ba maiɗakina but da hos da jesi na ce ta yi yadda ta ga dama da su. Wata 14 ban taka fili ba, ko hanyar ba na bi.

To a nan ne nake son masu cewa "girma ya kama ka, ka bar wa yara" su saurare ni da kyau. A wata 14 ɗin nan gwiwa ta huta, ni kuma na lalace. Na ƙara kilo shida. Aka auna ni aka ce jinina ya fara hawa. Bacci ya gudu, faɗa da yaran shago a kan zare, faɗa a gida a kan gishiri. Lahadi da safe in farka tun asuba jikina ya san lokaci ya yi, in zauna a ƙofar gida kamar wanda aka kora daga aiki. Na gwada gidan kallo, ba ɗaya ba ne, can kowa ihu yake wa mutanen da ba su san da zamansa ba. Sai a hankali na gane ba ƙwallon kaɗai na bari ba. Mutanen filin nan su suka ɗauki makarar babana. Adashinmu a fili ake zubawa. In matar wani ta haihu, in wani ya rasa aiki, in ana neman jini a asibiti, a bakin fili ake fara ji. Ranar da na ji mahaifiyar golanmu ta rasu sai bayan an yi addu'ar uku, mutumin da muka shekara ashirin ina gabansa yana bayana, ranar na shiga bayan shago na yi hawaye. Ba su ƙi ni ba, kowa ya ɗauka wani ya faɗa min. Kuma a wata 14 ba wanda ya kira ni Keshi sai jefi-jefi a hanya, na koma Malam tela kawai.

Mu a nan in mutum ya haura arba'in aka gan shi da gajeren wando sai a ce bai san girmansa ba, amma in ya zauna a majalisa daga la'asar zuwa isha yana shan shayi mai siga cokali huɗu wannan dattako ne. Rabin masu yi min wa'azin girma yanzu da maganin suga suke yawo a aljihu. Su ma dai 'yan uwana na fili ba su da gaskiya duka. Da ka ce jiki ya gaji sai su ce Roger Milla ya ci ƙwallo a kofin duniya na 1994 yana 42, Cristiano Ronaldo ya haura 40 yana bugawa, Ronaldon Brazil gwiwarsa ta tsinke a 2000 ya dawo ya ci ƙwallo 8 a 2002 ya ɗau kofi. Duk gaskiya ne. Amma su da likita da mai dafa abinci da mai tausa suke kwana, a kan ciyawa suke gudu, mu kuma ƙosai da kunu ne, filin firamare mai tsakuwa wanda in hunturu ya shigo ya fi siminti tauri, in ka faɗi ruwan leda za a zuba maka a ce tashi namiji. Wani sa'ana yana cikin wannan musun na Milla, sati biyu tsakani agararsa ta tsinke, shi ma ba wanda ya taɓa shi, har ya juya yana neman wanda ya jefe shi da dutse.

Abin da ya dawo da ni, wani ma'aikacin sashen gashin ƙashi na asibiti ne da yake kawo min ɗinki. Ya ga yadda nake tashi daga kujera ya ce Oga ka bar cinyar nan ta mutu, ita ce fa za ta riƙe maka gwiwar tunda jijiya babu. Ya koya min abubuwa da da farko na raina, in kwanta in miƙe ƙafa in ɗaga in riƙe, in jingina da bango in ɗan sauka kaɗan, in hau bulo ɗaya in sauko. Na ɗinka 'yar jaka na cika da yashi ina ɗaurawa a ƙafa. Na sayi tsohon keken hawa na ajiye babur, kullum da shi nake zuwa shago, mutane suna ta tambaya ko karayar arziki ce. Na rage tuwon dare, wannan ya fi komai wuya, ya fi jan mai ɗori. Ya ce in ta kumbura ƙanƙara ake sawa a kwanakin farko ba ruwan zafi ba, mu kuwa shekara da shekaru akasin haka muke yi. Bayan wata bakwai ranar wata Talata da asuba na sa goshina a ƙasa ba tare da kujera ba. Zaman tahiya har yau sai na ɗan miƙe ƙafar gefe, amma sujada ta dawo, na daɗe ban ɗago ba har na kusa da ni ya taɓa ni.

Daga nan muka haɗu mu tsofaffin, don ashe ba ni kaɗai ba ne, kowa da inda ke masa ciwo yana ɓoyewa. Muka ware namu zubin Lahadi da sassafe kafin yara su zo. Sai wanda ya kai 40. Rabin fili, ƙananan raga, minti ashirin-ashirin, ba sulu, ba shiga ta baya, wanda ya yi keta shi zai biya kuɗin shayin kowa. Wani a cikinmu ya gani a waya wai a Ingila akwai ƙwallon da dattawa suke yi da tafiya kawai ba gudu, muka ce mu gwada, ko minti goma ba a yi ba wani Alhaji mai shekara 55 ya ga raga ya zura da gudu hularsa ta faɗi, aka watse da dariya aka bar maganar. Ni yanzu ba na bin kowa. In yaro, au, in dattijo ya yanke ni sai in ce Allah ya kiyaye hanya. Ina tsaye a tsakiya, in karɓa in bayar, bakin dai yana nan bai yi ritaya ba.

Likitan da na koma wajensa bai ce min na kyauta ba, kada in yi masa ƙarya. Ya ce keke da tafiya sun fi min, duk juyawar da zan yi a fili caca ce, kuma gwiwar nan ko na buga ko ban buga ba wata rana za ta nemi aiki babba. Na ji, kuma na san shi ne mai gaskiya. Maiɗakina ce ta kawo sharaɗin da muke kai yanzu. Ashe but ɗin ba ta yar ba, yana ƙasan akwatinta. Ta ce ita za ta riƙe, ranar Lahadi ta ba ni, in dawo in miƙa mata. In ranar Litinin da asuba ta ga na ɗauki kujera zan tafi masallaci, to wata guda ba ni ba fili. Ba alƙalin wasan da na taɓa tsoro irinta, ba ta karɓan roƙo. Bana sau biyu ta ba ni jan kati, na biyun ma na yi ƙoƙarin fita da kujerar ta ƙofar baya 'yar autar nan ta tona ni.

Shi kuma yaron da ya zo shekaranjiya, shekararsa 23, ɗan gaba ne, na taɓa ganin wasansa yana da ƙafa. Na zaunar da shi a benci na naɗe wandona na nuna masa tawa, na ce ta kumbura a daren? Ya ce eh. Na ce tana zamewa in ka juya? Ya yi shiru. Na ɗauko alli na zana masa jijiyoyin nan biyu a kan teburin yanka yadda aka zana min, na ce ka je likitan ƙashi ya duba kafin ka sake taka fili. Ya ce to Baba in sha Allahu, irin "to" ɗin da ni ma na yi wa mutane da yawa, idonsa yana kan ƙofa. Sai na ɗauke kayan nasa na mayar kan hanga, na ce kuɗinka ka riƙe, ɗinki kuma sai ka kawo min katin asibiti. Ya yi dariya ya ɗauka wasa nake. Farar shadda ce 'yar ciki da wando, bikin yayansa ranar Asabar ne, yau Alhamis, ga ta nan rataye a bayana har yanzu bai dawo ba.